Abin da Ke Bayan Fushin Sista

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Yau za mu taɓo wata magana da na san da yawanku kuna da ta cewa a kanta, wasu ma da ɗacin rai. Maganar ma'aikatan jinya ce da ungozoma na asibitocin gwamnati, waɗanda muke kira nas, ko mu ce Sista.

Da zan buɗe layin waya yanzu in ce kowa ya faɗi abin da ya taɓa haɗa shi da nas, da sai mu kwana a nan. Wannan zai ce an daka wa matarsa tsawa tana tsakiyar naƙuda. Wancan zai ce ruwan da aka ɗaura wa ɗansa ya ƙare cikin dare, ya yi ta kira, ba a zo ba sai da jini ya fara hawa cikin robar. Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba zan ce su haɗiye kukansu ba. Abin da nake roƙo yau shi ne aron kunnuwanku, mu zagaya bayan teburin Sista mu ga abin da ke can, domin shi ma ya shafi ranmu.

Ranar Laraba 30 ga Yulin 2025, ma'aikatan jinya da ungozoma suka ajiye aiki a asibitocin gwamnati a faɗin Najeriya. Yajin gargaɗi ne na kwana 7, bayan wa'adin kwana 15 da ƙungiyarsu ta ƙasa, wato NANNM, ta ba gwamnatin tarayya ya cika ba a yi komai ba. Likitoci suna nan a bakin aiki, amma ɗakunan kwanciya suka zama wayam, aka riƙa sallamar majinyata, masu hali suka kwashi nasu zuwa asibitocin kuɗi, marasa hali suka koma gida suna jiran ikon Allah. Bayan zama da ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ƙungiyar ta janye yajin ranar Asabar 2 ga Agusta.

To me suke nema? Sun nemi a gyara alawus ɗin aikin kwana da na kayan sawa. Sun nemi tsarin albashi nasu na kansu, da sashe na musamman mai kula da aikin jinya a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da kuma a ɗauki sababbin ma'aikata masu yawa. Akwai kuma wata takarda ta tsarin aikinsu da ƙarin girmansu, wadda aka amince da ita a wani taro a Minna tun 2016, amma har zuwa lokacin yajin ba a buga ta a hukumance ba. A lokacin, shekara 9 ke nan takarda tana kwance. Yarinyar da ta shiga makarantar jinya a shekarar da aka amince da ita ta gama, ta kama aiki, ƙila ta yi aure ta haihu, takarda ba ta motsa ba.

Cikin buƙatun nan akwai ƙarama guda da ta fi tsaya mini a rai. A lokacin yajin, ƙungiyar ta ce kuɗin kayan sawa da ake ba nas naira 20,000 ne a shekara, kuma ya shafe sama da shekara 20 a haka. Ku raba shi gida 12, bai kai naira 1,700 a wata ba. Farin kaya ne fa, wanda jini ke ɓatawa, amai ke ɓatawa, sai an wanke shi kullum, sai an yi guga. Duk wanda ya shiga kasuwa kwanan nan ya san kuɗin yadi, ya san kuɗin ɗinki, ya san kuɗin sabulu. Wanda ya bar wannan adadi haka shekara 20, ya gaya wa nas matsayinta a wurinsa ko bai buɗe baki ba.

Yanzu ku biyo ni mu leƙa ɗakin haihuwa na wani babban asibitin jiha, kowanne ne ma, domin labarin kusan iri ɗaya ne. Ƙarfe 2 na dare. Gadaje sun cika, an shimfiɗa wa wasu tabarma a baranda. Ungozoma ɗaya ce a kan aiki, sai mai taimaka mata da shara da ɗauko ruwa. An ɗauke wuta, janareta ba mai. A gadon farko mace ta haihu ba jimawa, jini ya ɓalle mata. A gado na uku yarinya ce mai cikin fari, ƙafafunta a kumbure, ta fara jijjiga. A can ƙurya wata na nishi, kan ɗa ya sauko. Ungozoma ta kunna tocilan wayarta, ta riƙe ta da haƙora, hannu biyu suna neman jijiya a hannun mai zubar da jini, jijiyar kuwa ta ɓuya. Safar hannu ta ƙare tun magariba. Sai ta yage takarda ta rubuta: safar hannu, sirinji, ruwan ƙari, allurar tsayar da jini. Ta miƙa wa mijin ta taga.

Ya ce, "Sista, da daddaren nan ina zan samu kemis a buɗe? Ashe ba asibitin gwamnati ba ne nan?"

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka yi sauri, jini take zubarwa."

Kafin ta juya, wata dattijuwa ta riƙo gefen rigarta. "'Yar nan, zo ki duba min yarinyar nan, tun ɗazu nake kiranki."

"Mama, yi haƙuri, ina zuwa."

Dattijuwa ta sake kira, aka sake ba ta haƙuri. A kira na uku, haƙurin ya ƙare, sai tsawa ta fito. Da safe, labarin da dattijuwa za ta kai unguwa shi ne nas ɗin can ba ta da mutunci. Ita ba ta san cewa a daidai lokacin an zaɓi wadda za ta fara mutuwa ne in an bar ta, aka tsaya a kanta. Ungozoma kuwa sai ta rubuta duk abin da ya faru a littafi, ta miƙa aiki ga ta safe in ta iso da wuri, ta tari adaidaita da kuɗin aljihunta, ta isa gida ta tarar da yara na jiran abin karin kumallo. Da yamma ta sake shiri.

Masu sauraro, mutum ɗaya ba ya rabuwa uku. Idan aka ɗora wa nas ɗaya aikin mutum huɗu, dole maganin ƙarfe 10 ya koma na ƙarfe 12, dole a manta da juya wanda ya daɗe a kwance har bayansa ya yi gyambo, dole wata rana gajiya ta sa a yi kuskuren da ba ya gyaruwa. Duk wannan a jikin majinyaci yake sauka.

(Ɗan kiɗa)

Mu dawo kan albashi. Ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba ana biyansu ne a kan wani tsari da ake kira CONHESS. An ɗan ƙara musu a 2023, amma a wannan shekarar ce aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a watan Mayun 2023, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Ƙarin da aka yi, kasuwa ta cinye shi tun bai shiga hannu ba. Kowane ma'aikaci ya ji wannan a jikinsa, na sani. Bambancin nas shi ne ba ta da damar cewa yau ba kuɗin mota, zan zauna a gida. Asabar da Lahadi tana aiki, ranar Sallah tana aiki, daren da kowa ke barci tana tsaye.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Asibitocinmu hawa uku ne. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya suna hannun gwamnatin tarayya. Manyan asibitoci na garuruwa suna hannun jihohi. Ƙananan asibitoci na unguwa da ƙauye, irin su sha-ka-tafi, suna tsakanin ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi. Abin da aka sa wa hannu a Abuja ba ya hawa kan gwamna dole. Jihohi da dama suna biyan wani kaso ne kawai na tsarin tarayya, ko su ci gaba da tsohon jadawali, ga bashin ƙarin girma da ke taruwa shekara da shekaru. Sai ka ga 'yan aji ɗaya, takarda ɗaya, gari ɗaya, ɗaya tana asibitin tarayya ɗaya tana na jiha, titi ne kawai tsakaninsu, amma albashinsu ko kusa bai haɗu ba.

Me kuke tsammani zai faru? Ta ƙauye tana neman a dawo da ita birni. Ta asibitin jiha tana jiran tarayya ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Ta asibitin tarayya tana karatun jarrabawar fita waje, Ingila ko Amurka ko Kanada ko Saudiyya. Duk wadda ta tashi daga sama, ta ƙasa da ita ce ke maye gurbinta, har abin ya gangaro kan ƙaramin asibitin ƙauye, wanda shi ba shi da na ƙasa da zai ɗauko. Don haka in kun ji ana maganar nas-nas da ke tafiya Landan, kada ku ɗauka zancen 'yan Legas da Abuja ne. Ƙarshensa a ƙauyenku yake tsayawa, a asibitin nan da ake sa wa kwaɗo da la'asar.

A watan Fabrairun 2024, magatakardar hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, Dakta Faruk Abubakar, ya ce mutum 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3, kuma sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan ne hukumar ta fito da sabuwar ƙa'ida: sai ka yi aikin shekara 2 bayan samun lasisi kafin a tantance maka takardun da za ka nemi aiki da su a waje. Ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Na fahimci damuwar hukuma, domin ƙasa ce ta kashe kuɗi ta horar da su. Amma ni a ganina, wanda ka tsare da takarda alhali zuciyarsa ta riga ta tafi, gangar jikinsa kawai ka riƙe, kuma majinyaci ne zai ga sakamakon a fuskarsa. An kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantun jinya ke ɗauka, wannan abin a yaba ne. Sai dai a lokaci guda akwai waɗanda suka gama karatu suna zaune ba aiki, wasu suna aikin sa-kai a asibitocin gwamnati shekara da shekaru, ana ba su ɗan abin sabulu, suna jiran ranar da za a ɗauke su. Ga ɗaki na kukan rashin ma'aikata, ga ma'aikata a bakin ƙofa suna kukan rashin aiki. Wannan ba ƙaddara ba ce, shawara ce da wasu suka yanke a ofis.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsananta a cikinsu, har ta nemi ƙasashe masu arziki su daina farautar ma'aikata daga can. Najeriya tana ciki, Nijar tana ciki, haka Ghana da Kamaru da Chadi. A Ghana ma ma'aikatan jinya sun yi nasu yajin a watan Yunin 2025, kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba a aiwatar ba.

Ga lissafin da ya kamata ya hana mu barci. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa. Cikin kowace mace 4 da ta rasu a wannan hanya a duk duniya, fiye da 1 tamu ce, kuma Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ne suka fi ɗaukar nauyin. Zubar jini da jijjiga, manyan masu kashe matan nan, abubuwa ne da ƙwararriyar ungozoma mai kayan aiki ke iya tarewa in an zo da wuri. A Abuja ne, a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta, kasafin lafiyarta na tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6.

Ɗan abin da ake warewar ma, ku lura ina ya fi tafiya. Gini. A yi fenti, a kafa allo, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Gini yana fitowa a talabijin, kuma akwai kwangila a cikinsa. Albashin ungozoma 3 da za su riƙa karɓa-karɓa dare da rana ba ya fitowa a hoto, kuma kowane wata sai an biya. Asibiti ba ma'aikaci kuwa rijiya ce ba guga: kana ganin ruwa, ƙishirwa na kashe ka.

Ban manta da hatsarin aikin ba. Shekaru masu yawa, alawus ɗin hatsari na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka amince da ƙara shi. A 2014, lokacin Ebola, sunan Dakta Stella Adadevoh kowa ya ji shi, kuma ta cancanta. Amma a asibitin da take aiki a Legas akwai nas mai suna Justina Ejelonu da ta kula da majinyacin da ya shigo da cutar, ita ma ta kamu ta rasu. Zazzaɓin Lassa kusan kowace shekara sai ya taɓa ma'aikatan lafiya. A 2018 aka sace ungozoma biyu a Rann ta jihar Borno, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya jiƙansu. Ban da wannan, akwai mari da zagi da ma'aikatan jinya ke sha daga 'yan'uwan majinyata, musamman in rai ya yi halinsa. Mai raɗaɗin rashi ba ya ganin kwamishina, ba ya ganin gwamna. Wadda ke tsaye a gabansa cikin farin kaya ita yake gani.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu gare ku, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, na san wasunku suna jin mu a ɗakin aiki. Na faɗi kukanku iyakar iyawata, to ku ma ku ji nawa. Matar da ta zo daga ƙauye a bayan babur da naƙuda, ba ita ta riƙe muku alawus ba. Ta fi ku talauci, ta fi ku tsoro, ba ta san ƙofar shiga da ta fita ba. Kalma ɗaya mai zafi da kuka gaya mata, ita ce za ta sa haihuwa ta gaba ta ce gara ta yi a gida, ta kuma hana ƙanwarta da kishiyarta zuwa. Gori a kan yawan haihuwa, ko dukan mai naƙuda, ko karɓar kuɗin da ba rasit, babu gajiyar da ta halatta su. Kuma in ta kama dole a tafi yaji, a bar waɗanda za su tsare ɗakin haihuwa da sashen gaggawa. Jama'a za su tsaya muku ne gwargwadon yadda suka ga kun tsaya musu.

Mu kuma jama'ar gari, akwai abin da ke hannunmu tun kafin gwamnati ta motsa. Maigida, ka bar iyalinka ta fara awo da wuri, kada a jira sai abu ya ɓaci a kawo ta ƙarfe 2 na dare. Tun ciki na wata 7 a tanadi kayan haihuwa, a san motar da za ta ɗauke ta, a san mutum biyu a dangi da za su iya ba da jini. In an kwantar da naku, mai jinya ɗaya ko biyu sun isa, ba sai an cika ɗaki da 'yan dubiya har nas ta rasa hanyar wucewa ba. In an yi muku ba daidai ba, ku riƙe suna da lokaci, ku je wurin shugabar ɗakin ko shugaban asibiti. Asibitocin tarayya suna da teburin karɓar koke, kuma hukumar da ta ba nas lasisi tana da ikon hukunta ta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili. Ku san wannan haƙƙinku ne, ku neme shi da baki, ba da hannu ba.

Masu unguwanni da dagatai da limamai, in an turo muku ungozoma, ku tambaya ina za ta kwana, ina za ta sami ruwa, wa zai tsare ƙofar asibiti da dare. Garuruwa da yawa sun rasa ma'aikaciyarsu ne saboda ɗaki ɗaya mai ƙofa da makewayi. Kuma mu da muke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, sai mu bar 'ya'yanmu mata su karanci aikin, mu bar matanmu su yi aikin kwana. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni.

Sannan in masu neman ƙuri'a sun zo, ko ɗan majalisarku ya shigo gari, kada ku tsaya a kan ya gina asibiti. Ku tambaye shi: nas nawa ne a cikinsa? Nawa ke kwana? Yaushe rabon jihar nan da ɗaukar ma'aikatan jinya? Kaso nawa na tsarin tarayya ake biyansu, kuma wata nawa suke bi bashi? Kwamitin asibitin mazaɓarku yana da damar ganin jadawalin aiki, ku sa shi ya duba ya faɗa muku a taron gari.

Lokacinmu ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba alamomin hatsari ga mai ciki, waɗanda in an gan su ba a jira gari ya waye. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)